Wa Ke Riƙe da Sikeli? Fushin Jama'a da Ƙirƙirarriyar Basira

 



An ce in yi magana a kan ƙirƙirarriyar basira, wadda yaranmu ke ce wa AI, da dalilin da ya sa jama'a a ƙasashen da suka ƙera ta suka fara ɗaga mata murya. Na san akwai mai cewa a ransa: mu da ke neman inda za mu yi cajin waya, mu da manominmu ba ya zuwa gonarsa ta nesa sai ya yi shahada, ina ruwanmu da rigimar Turawa da na'urorinsu? Ruwanmu kuwa da yawa. Rigimar ta ciniki ce, kuma irin cinikin da mutanen ƙasar nan suka sani tun zamanin kakanni. Jayayyar ita ce wa ya kawo kaya, wa ya auna, wa ya yanka farashi, wa ya tafi da riba.

Manhajar ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya saki a ƙarshen Nuwamban 2022, da takwarorinta irin su Gemini da Claude da wadda Meta ta cusa mana cikin WhatsApp, duk hanya ɗaya aka bi wajen gina su. Ana tara rubutun littattafai da jaridu da duk abin da mutane suka zuba a intanet, a ɗura wa kwamfutoci, su yi ta lissafin wace kalma ta fi dacewa ta biyo bayan wace, har su ƙware. Sai a ɗauko mutane su zauna suna duba amsoshin, suna cewa wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, wannan batsa ce, wannan zagi ne. Sannan a ajiye abin a manyan rumbunan kwamfutoci masu cin wuta dare da rana, waɗanda sai an yi ta sanyaya su, wasu da ruwa. Ke nan ana buƙatar rubutun mutane, da guminsu, da wutarsu da ruwansu. Babu ɗaya daga ciki da ba a tayar da jijiyar wuya a kansa ba.

Kuɗin da ke ciki ya wuce misali. Kamfanin Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar da waɗannan kwamfutoci ke aiki da ita, darajarsa a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 1 a 2023, ta kai tiriliyan 5 a Oktoban 2025. Wannan ya ninka abin da Najeriya duka ke samarwa a shekara sau goma da ɗoriya mai yawa. A daidai wannan lokaci, binciken cibiyar Pew ya nuna rabin Amurkawa fargabarsu game da fasahar ta fi ɗokinsu, alhali masu cewa ɗoki ya fi ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Marubutan finafinan Amurka suna cikin waɗanda suka fara yin wani abu a aikace. A 2023 sun ajiye alƙalami na kwana 148, 'yan wasa suka biyo bayansu na kwana 118. Albashi na cikin maganar, amma akwai tsoron a kwafi fuskar ɗan wasa da muryarsa sau ɗaya, a ci gaba da amfani da su har bayan ransa. Sun tashi da yarjejeniyar cewa ba za a kwaikwayi siffar mutum ba sai da izininsa da biyansa. A Disamban 2023 jaridar New York Times ta maka OpenAI da Microsoft a kotu kan kwashe mata labarai. A 2025 kamfanin Anthropic ya amince ya biya marubuta dala biliyan 1.5, kimanin dala 3,000 a kan kowane littafi, saboda ya sauko da littattafan daga rumbunan satar fasaha. Alƙalin da ya saurari ƙarar marubutan ya ce horar da na'ura da littafin da aka saya da halaliya bai saɓa doka ba, amma tara na sata wani abu ne daban.

Ta fuskar wuta, Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 rumbunan kwamfuta sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya, wato kusan ninki goma na abin da babban layin wutar Najeriya ke bayarwa a shekara. A Agustan 2025 majalisar birnin Tucson, a jihar Arizona mai ƙarancin ruwa, ta yi fatali da wani katafaren rumbu bayan mutanen gari sun cika zauren taro suna tambayar ina za a samo ruwan.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na gumi. A Janairun 2023 mujallar Time ta fallasa cewa matasan da suka tace wa ChatGPT ƙazanta a Nairobi suke, suna aiki ƙarƙashin wani kamfanin kwangila mai suna Sama. Aikinsu su wuni suna karanta bayanin fyaɗe da kisa da cin zarafin yara, suna sa wa kowanne alama, don kada na'urar ta furta irinsa ga mai amfani da ita a Landan ko a Gusau. A lokacin OpenAI na biyan ɗan kwangila dala 12.50 a kan kowace awa. Abin da ke isa hannun ma'aikaci bai wuce dala 2 ba, wasu ma ƙasa da haka. A wannan kamfani na Sama dai masu tace wa Facebook hotuna da bidiyo suka yi aiki, kuma fiye da 180 daga cikinsu suka kai ƙara bayan an sallame su. Cikinsu akwai 'yar Najeriya, Kauna Malgwi, wadda Time ta sa a jerin mutum 100 masu tasiri a fannin a 2024 saboda fafutukar haƙƙin ma'aikata. A Maris na 2024 kuma dandalin Remotasks, inda matasanmu ke samun irin wannan ƙwadago, ya rufe ƙofa ga Kenya da Najeriya da Pakistan. Mutane suka kwana da aiki, suka tashi babu.

Dattawan da ke nan, wannan tsari ba baƙonku ba ne. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta don samo auduga mai araha daga ƙasashen da suke mulka. Dogo ya iso Gusau, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, aka kafa injin gurza, kantunan Turawa suka jeru, garin ya cika ya batse. Iri kyauta ake rabawa. Manomi ya share, ya shuka, ya yi noma, iyalinsa su tsince, ya ɗaure ya ɗora wa jaki ya kai fuloti. A can akwai mai duba kaya da zai cusa hannu cikin ƙunshi ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, akwai akawu a bakin sikeli da littafinsa, shi kuwa mai kaya yana tsaye yana kallon allura tana rawa, bai san abin da take nunawa ba. Abin da aka ce masa shi ne kuɗinsa. Audugar ta hau jirgin ƙasa, ta hau na ruwa, ta dawo masa a matsayin akoko da atamfa, ya saya da tsada a kantin wanda ya saye ta da araha.

Amma kakanninmu ba su miƙa wuya haka kawai ba. Da dogo ya isa Kano, Turawa auduga suka sa rai. A 1912 manoman Kano suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in shekara ta ɓaci ana iya cin ta, suka karkata gare ta. Masu audugar ma sau da yawa sukan kai wa masaƙan gida, domin su sun fi Bature saye da daraja. Sun iya yin haka ne saboda suna da wani mai saye, kuma sun san farashi. Daga baya aka toshe wannan ƙofa. A 1949 aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga, hukuma ce kaɗai ke fitar da kaya waje, ita ke yanka farashi ƙasa da na kasuwar duniya, ta riƙe rarar. An yi ayyuka da wani ɓangare na kuɗin, ba a musun wannan, amma ba a tambayi manomi ba. Aka rushe hukumomin a 1986. Masaƙar Gusau da aka kafa a shekarun 1960, wadda ita ce ƙoƙarinmu na sarrafa abinmu da hannunmu, kowa a nan ya san yadda ta ƙare.

Yau wayar hannu ce fulotin. Iri kyauta shi ne Facebook da WhatsApp da TikTok, ba wanda ya taɓa ce maka kawo sisi. Kayan da kake kaiwa su ne rubutunka da muryarka da hotunan 'ya'yanka da sunayen waɗanda kake hulɗa da su.

Mun fi kowa a Najeriya sanin yadda muka dogara da wannan waya. A ranar 3 ga Satumban 2021 aka kashe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Masu POS suka tattara tebura. Aka koma rubuta wasiƙa a ba direba a tasha. Mutum ya hau mota ya wuce Tsafe har Funtuwa don ya kira ɗansa ko ya karɓi kuɗin da aka turo masa, da aka rufe Funtuwar ma sai a nausa Zariya. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. Wannan hukuncin gwamnati ne, ba na kamfani ba, kuma ba yau za mu yi muhawarar amfaninsa ba. Na kawo shi ne don mu tuna cewa wanda ba ya iya rayuwa ba tare da kaya ba, ba ya iya taya su. Shi ya sa da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ƙungiyar ƙwadago ta yi ta kumfar baki, har ta yi kiran ƙaurace wa layukan na wasu sa'o'i a rana, amma a ƙarshe kowa ya sa kati. Kamfanonin suna da hujjarsu, naira ta faɗi, man dizal ya yi tsada. Mu ne dai ba mu da inda za mu.

Ga kuma manhajojin bashi. Yaro ya sauke ɗaya, ta nemi izinin duba lambobin da ke wayarsa da saƙonninsa da hotunansa, ya danna. Ba mutum ne ke yanke hukuncin a ba shi ko a hana shi ba, lissafin na'ura ne bisa abin da ta gani a wayar. Kafin ya ajiye ta kuɗi sun shigo. Mako ya zagayo, ruwa ya hau, ya kasa biya. Washegari surukinsa da limamin unguwa da tsohon malaminsa na firamare duk sun samu saƙo ɗauke da hotonsa, an ce ɓarawo ne ana nemansa. Sai da koke ya yi yawa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris na 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotuna a 2023. Hukumar FCCPC ce dai ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, bisa samunsa da sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da izini ba, da kuma ba su kariyar da ba ta kai wadda ake ba wasu ƙasashe ba. Kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Martanin kamfanin shi ne ta yiwu ya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Ya san inda ke mana ciwo.

Mu ma muna da namu fushin, sai dai a ganina yawancinsa ba a inda ya kamata yake sauka ba. Wani ya ce aikin aljanu ne, wani ya ce makirci ne na raba mu da addini, wani damuwarsa kawai ɗalibai sun daina rubuta aikin gida da kansu. Akwai abin tsoro na gaske: ana iya ɗaukar muryar malami ko ta mai karanta labarai a sa ta tallata maganin da ba ta taɓa gani ba, kuma a yankin da jita-jita ɗaya ke iya jawo ramuwar gayya tsakanin ƙauye da ruga, wannan ba abin wasa ba ne. Amma duk wannan surutu bai taɓa aljihun kowa ba. Ni ina amfani da fasahar, kuma ina ganin ranarta ga ma'aikacin asibitin karkara da ba likita kusa da shi, da ɗalibin da ɗakin karatunsu ba littafi. Ba na cikin masu cewa a jefar da ita.

Ina da tambaya ga malamaina na fiƙihu, don ni ba mai fatawa ba ne. Kun karantar da mu cewa an hana mutum ya fita bayan gari ya tare masu kawo kaya, ya saye tun kafin su shigo kasuwa su ji farashi. Kun karantar da mu cewa jahiltar abin da ake ciniki a kai na ɓata ciniki. To, tsohuwar da jikanta ya buɗe mata WhatsApp, ya danna mata "na yarda" a ƙarƙashin dogon rubutun Ingilishi da shi kansa bai karanta ba, mene ne hukuncin wannan yarda? Jihar da ta riga kowa ƙaddamar da Shari'a tana da malaman da za su zauna su yi wa wannan mas'ala nazari, kuma zai fi amfani da yawan huɗubar da ake yi kan ko AI kafirci ne.

Marubutan Amurka sun samu biyan buƙata saboda suna da abin da za su hana, kuma sun haɗa kai sun hana. Mu me muke da shi? Muna da Hausa. Kamfanonin na son kasuwar miliyoyin masu jin harshen daga nan har Agadas da Kumasi da Sudan, amma abin da ke rubuce a intanet kaɗan ne, shi ya sa na'urorinsu ke yin Hausar da ba ta da gishiri, balle su gane Zamfarci. Abin da ke rubuce sun riga sun samu: labaran gidajen rediyon ƙetare, da Wikipedia da matasanmu ke cikawa kyauta. Abin da ya rage shi ne wanda ba ya intanet. Kasa-kasan da ke jibge a gidajen rediyo, littattafan ajami da ke cikin adakar gidajen malamai, kundayen digiri na jami'o'i, da muryoyin mutanenmu. Wannan ƙasa ce ta haifi Salihu Jankiɗi a Rawayya ta Bunguɗu, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekaru yana tattara tarihinsu da waƙoƙinsu. A yau da ɗan guntun faifai za a iya sa muryar Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ta yi wa ɗan siyasar da bai taɓa sani ba waƙa, magadansa ba su ji ba ba su gani ba. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba Bature ne ya fara cinye haƙƙin mawaƙanmu ba. Masu tura finafinai da waƙoƙi a waya a bakin kasuwa 'ya'yanmu ne, mu ne kuma masu saye, kuma mun ga abin da hakan ya yi wa kasuwar finafinan Hausa.

Gwamnatin tarayya ta shigo fagen. A Satumban 2025 ministan sadarwa Bosun Tijani ya sanar da N-ATLAS, wadda aka gina tare da kamfanin Awarri don Hausa da Yarbanci da Ibo da Ingilishin Najeriya, aka kuma buɗe ta ga kowa. Abin yabo ne. Amma tarihin hukumomin sayen gyaɗa ya isa ya hana mu ɗauka cewa da zarar mai sikeli ɗan gida ne, awo ya daidaita. Shi ma a tambaye shi nawa aka biya masu ba da murya, kuma wa zai ci riba idan abin ya fara kawo kuɗi.

Kada wani ya ce kukan Bazamfare ba ya zuwa ko'ina. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a lokacin da farashin zinariya ke hawa a kasuwannin duniya, ana daka dutse a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aka tsaftace ƙauyuka, aka bar Bagega, domin naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alkawari sun maƙale. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce ba za su fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, don yaran za su sake kwasar gubar. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, tare da ƙungiyoyin kare haƙƙi, suka ɗauki maganar. Sun san adadin kuɗin, sun san ofishin da ya riƙe su, suka yi ta ambaton sunan ƙauyen a kafafen sadarwa har sanatoci suka sa baki. A farkon 2013 aka saki kuɗi, aka fara aiki. Da waɗannan kafafe na kamfanonin da nake suka aka yi wannan yaƙi.

Don haka roƙona ga Jami'ar Tarayya da ke nan kusa da mu, da kwalejojinmu, da gidajen rediyo, da magadan malamai da mawaƙa: masu neman waɗannan kaya za su zo, wasu da sunan bincike, wasu da sunan adana tarihi, wasu da 'yar na'urar ɗaukar hoto da kuɗin goro. Kada a kore su, domin kaset na cin tsatsa, gara kuma na cin takarda. A zaunar da su a rubuta yarjejeniya da Hausa, a faɗi wanda ya mallaki kwafin, da abin da za a yi da shi, da rabon magada idan ya shiga kasuwa, a kuma bar kwafi ɗaya a nan gida. Gida ɗaya ba zai iya wannan ciniki shi kaɗai ba, za a saye shi da buhun shinkafa. Sai masarautu da jami'a sun tsaya an yi magana da baki ɗaya.

Ku kuma ɗalibai, tun Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita a Abuja. Dokar ta ba kowa damar tambayar kamfani abin da ya tara a kansa, da neman a goge, da janye izinin da ya bayar. Iyayenku ba su san da ita ba. Masu karatun shari'a da masu karatun Hausa a cikinku su haɗu su juya muhimman sassanta, a karanta a rediyo, a kai wa masu POS da masu cajin waya, tunda wurinsu jama'a ke zuwa idan waya ta rikice.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo. Zan dakata a nan don a samu lokacin tambayoyi.